LAFIYA UWAR JIKI: Kwanaki ukun farko bayan babban aikin ciki

Duk wadda ta taɓa leƙa ɗakin marasa lafiya ta san cewa mu mata ne masu jinya. Ko maigida ne a kwance, ko uwa, ko suruka, mu ke shimfiɗa tabarma a gefen gado, mu ke kwana ido biyu. Likita ya zo zagaye ya wuce, nas ta ba da magani ta koma kan wani, amma mai jinya tana nan dare da rana. Shi ya sa a wannan wata na ga ya dace mu tattauna kan wata matsala da kan biyo bayan ɗaya daga cikin manyan ayyukan tiyata, wadda idon mai jinya kan riga na kowa ganin alamarta.

Mece ce fankiriyas?

A bayan tumbi, can kusa da ƙashin baya, akwai wata tsoka mai taushi da tsawonta ya kai kamar santimita 15. Likitoci na kiran ta fankiriyas. Wasu kan rikita ta da saifa, alhali kowacce da wurinta da aikinta. Aikin fankiriyas biyu ne: tana samar da sinadarin insulin mai daidaita sukarin jini, sannan tana zuba wani ruwa a cikin hanji, fiye da lita 1 a kowace rana, wanda ke narkar da nama da maiƙo da tuwon da muka ci. Ruwan nan ba ya fara aiki sai ya isa hanji. Idan aka samu matsala ya fara aiki tun yana cikin tsokar, to ita zai hau narkarwa, sai ta kumbura. Wannan shi ne kumburin fankiriyas. Ga wanda ba a yi wa aiki ba, abubuwa biyu ne suka fi jawo shi a duniya: tsakuwar madaciya da shan giya. Ita kuwa tsakuwar madaciya ta fi samun mu mata, musamman masu haihuwa da masu ƙiba.

Aikin da ake yi

Idan ƙari ya fito a kan fankiriyas, yakan toshe hanyar da ruwan madaciya ke bi. Sai ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu, bayan gida ya yi fari-fari, jiki ya riƙa ƙaiƙayi, mutum yana ta ramewa, sau da yawa ba tare da wani ciwo ba. Mu a nan sai mu ce shawara ce, a shiga jiƙe-jiƙe wata da watanni. Uwargida, shawarar da ta kama babban mutum tana tafe da rama, ta asibiti ce tun ranar farko. Daga nan gefenmu na Kakuri, Makera, Nasarawa ko Barnawa, akan fara ne da asibiti irin na Gwamna Awan, daga nan a tura mutum asibitin koyarwa, kamar Barau Dikko da ke ƙetaren kogi ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya. Masu hali wasu kan tafi Indiya ko Masar.

Aikin da aka fi yi ana kiran sa da sunan Allen Whipple, wani likita ɗan Amurka da ya bayyana shi a 1935. Ana cire kan fankiriyas, da farkon ƙaramin hanji, da madaciya da wani sashe na bututunta, wani lokaci har da ɓangaren tumbi. Daga nan a ɗinke ragowar fankiriyas ɗin da hanji ko da tumbi. Aiki ne na sa'o'i masu yawa, kuma duk ƙwarewar likita, tsokar da aka yanka aka ɗinka tana iya kumbura, musamman idan mai laushi ce ƙwarai, ko bututunta siriri ne, ko jini ya ragu zuwa gare ta lokacin aikin.

A 2022 wani rukunin manyan likitocin tiyata na ƙasashe daban-daban ya fitar da ma'auni guda na gane wannan kumburi. Yakan fara ne a cikin kwanaki 3 na farko. Ana tabbatar da shi idan wani sinadari mai suna amiles ya tsaya sama a gwajin jini har tsawon aƙalla sa'o'i 48, hoton ciki ya nuna kumburi, kuma yanayin mara lafiya ya sauya. Haɗarinsa shi ne ɗinkin da aka yi kan iya fara yoyo. Ruwan da ke narkar da nama idan ya zubo cikin ciki, yana iya tara mugunya, yana iya cin jijiyar jini. Don haka idan kika ga ana ɗibar jininsa kullum, kada ki yi ƙorafin ana ƙarar masa da jini, ko ana neman kuɗinku. Abin da ake nema ke nan.

Abin da za ki sa wa ido

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Ciwo bayan aiki dole ne, sai dai ciwon ɗinki kullum raguwa yake yi. Wanda ke ƙaruwa, daga saman cibiya yana sokawa har baya, shi ne abin tsoro. Haka nan zazzaɓi, amai, ciki ya yi tauri ya kumbura, numfashi sama-sama, raguwar fitsari, ko mutum ya fara magana ba kan gado. Ki riƙa duba robar da aka sa masa a gefen ciki mai fitar da ruwa. Idan ruwan ya sauya launi, ya yi kauri, ya yi wari, ko kika ga jini ko da kaɗan ne, tashi ki kira nas nan take, ko da ƙarfe biyun dare ne.

A nan ne kunya take cutar mu. Sai mace ta ce bari gari ya waye, kada a ce ta cika damun mutane, ko ta jira ƙanin miji ya zo ya yi magana. 'Yar uwa, amana ce a hannunki. Ki yi maganarki cikin ladabi, amma ki yi ta a kan lokaci. Ki ajiye ƙaramin littafi ki riƙa rubuta lokacin da ya yi amai, da lokacin da jikinsa ya yi zafi, domin likita ya samu abin kamawa da safe.

Kulolin 'yan dubiya

Dubiya lada ce, kuma al'adarmu ce a zo da kula cike da farfesu ko kunun gyaɗa. Tausayi kan sa a ɗan ɗiga wa mara lafiya a baki a ɓoye, wai ya ji ƙarfi. Wata kuma ta zo da jiƙo, wata da rubutu a gora. Ki sani duk abin da ya shiga tumbi yana tayar da fankiriyas ta fara aiki, kuma bayan irin wannan tiyata tumbin kansa yakan yi jinkirin sauke abinci. Likitocin yanzu ba sa barin mutum da yunwa ba dalili, sukan fara ba shi ruwa da abinci mai sauƙi da wuri, amma su ne ke faɗin lokaci da adadi. Ki karɓi kula ki yi godiya, ki ba masu jinya su ci. Addu'a kuwa ba ta buƙatar a haɗiye ta: a yi masa a gefen gado, a tofa masa, Allah Mai ji ne. Idan babba ce ta matsa, wadda ba za ki iya musa wa ba, ki ce mata, "Hajiya, likita ya hana, bari in kira nas ta yi miki bayani."

Bayan an sallamo ku

Komawa gida ba ƙarshen jinya ba ne. Zubar jini kan iya zuwa ko bayan makonni, saboda haka aman jini, ko baƙin bayan gida kamar kwalta, ko zazzaɓi mai kaɗa jiki, a koma asibiti ba jira. Takardun aikin su zauna wuri ɗaya a jaka, musamman ga wanda aka yi wa a ƙasar waje, kuma tun da rana ku san motar wa za a nema idan dare ya yi, domin daga nan zuwa Shika tafiya ce ta fiye da kilomita 80.

Abinci kuwa kaɗan-kaɗan, sau 5 ko 6 a rana, a rage soye-soye da man shanu. Idan bayan gida ya zama mai maiƙo, mai wari, yana yawo a saman ruwa, alama ce abinci ba ya narkewa, kuma akwai ƙwayoyi irin su Creon da likita kan rubuta a sha tare da abinci. A riƙa gwada sukari, domin wasu kan kamu da ciwon sukari bayan aikin. Kada a je kemis a sayo maganin ciwon jiki irin su diklofenak ko ibufurofen, suna iya jawo gyambon ciki da zubar jini. In azumi ya zo, a tambayi likita tukuna. Shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame ya sha ya rama, wanda kuma ba a sa ran zai iya ba ya ciyar. Kada mu bar maigida ya takura wa kansa don gudun maganar mutane.

Ke ma mai jinya ki nemi mai karɓar ki, ki samu barci, don idon da ya gaji ba ya ganin komai. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinya da alheri, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.