Ruwan Ƙarfe: Sana'ar Da Muke Saye Ba Mu Koya Ba

Duk wanda ya leƙa cikin fitilar mota zai ga wani kwano mai sheƙi kamar azurfa a bayan ƙwan. A yawancin motocin zamanin nan wannan kwano roba ne. Haka cikin ledar biskit da ta garin madara, haka murfin kwalbar turare. Abin da ke walƙiya a jikinsu duka ruwan alminiyam ne da aka shafa musu a cikin wata tukunya wadda aka zuƙe wa iska. Wannan aiki sana'a ce mai zaman kanta a ƙasashen da suka ci gaba, kuma a ganinmu lokaci ya yi da masu tsara mana harkar masana'antu za su dube ta da idon basira.

Yadda ake yi ba wani tsafi ba ne. Ana jera kayan a cikin tukunyar ƙarfe, a rufe ruf, sa'an nan famfuna su yi ta zuƙe iskar ciki har abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin miliyan ba. Daga nan sai a sakar wa alminiyam wutar lantarki. Yana narkewa a zafin digiri 660, amma ana ci gaba da gasa shi har ya wuce digiri 1,000 da nisa, ya zama tururi. Da yake babu iskar da za ta tare shi ko ta ɓata shi, sai tururin ya miƙe ya sauka a jikin kayan ya daskare, kamar yadda tururin tuwo ke kwanciya a murfin tukunya. Kaurin abin da ke kwanciya a kan ledar abinci bai kai kashi ɗaya cikin dubu na kaurin silin gashi ba. A lissafi, kilo ɗaya na alminiyam ya isa ya rufe leda mai faɗin filin ƙwallo. Amma wannan ɗan shafe shi ke rage shigar haske da danshi, har biskit ya yi watanni a kanti bai yi laushi ba.

Masu binciken taurari ne suka fara cin moriyar abin sosai. A farkon shekarun 1930 wani masani a Amurka, John Strong, ya gyara hanyar shafa wa madubin hangen taurari alminiyam maimakon azurfa, wadda ke saurin dishewa. Daga baya dabarar ta shiga kasuwa. Faifan CD da ya fito a 1982 da irin wannan shafe ake yin sa. Bakin na'urar huda ƙarfe mai launin zinariya da ake gani a hannun makanikai kuwa, ba zinariya ba ce a jikinsa. Titaniyam ne aka haɗa da iskar naitirojin a cikin tukunyar, suka zama wata fata mai tsananin tauri wadda ke sa bakin ya daɗe bai dakushe ba.

To, ina ruwanmu? Tun da aka buɗe kamfanin haɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975, aka kuma aza harsashin ma'aikatar ƙarfe ta Ajaokuta a 1980, hankalin hukumomi yana kan manyan abubuwa: narka ƙarfe, haɗa mota. Ba a cika tunawa da ƙananan masu aikin gamawa ba, alhali kuwa su ne ke mai da ɗanyen kaya ya zama abin sayarwa. A Sharada da Bompai a Kano akwai masu sarrafa roba da suka daɗe suna zuba bokiti da kujera da buta. Injin da ke zuba bokiti ba zai gagara zuba kwanon fitila ba in an ba shi mazubin da ya dace. Abin da ya rage shi ne shafen, kuma ba sai kowane kamfani ya mallaki tasa tukunyar ba. A wasu ƙasashe mai tukunya ɗaya ne ke karɓar aiki daga kamfanoni da dama, kamar yadda mai injin niƙa ke yi wa unguwa guda.

Akwai masu cewa tsohuwar hanya ta fi sauƙi, watau a tsoma kaya cikin ruwan sinadarin kuromiyam a saka lantarki. Ba mu yarda ba. Irin kuromiyam da aka saba amfani da shi a wannan aiki yana haddasa ciwon daji na huhu, kuma tun watan Satumba na 2017 babu mai amfani da shi a Tarayyar Turai sai da izini na musamman. Mutanen da suka ga yadda dagwalon majemu ya yi wa kogin Challawa ba su bukatar a ƙara musu wani. Shafen tukunya ba ya barin irin wannan ruwa. Gaskiya ne ba kowane aiki yake maye gurbinsa ba, kuma yana da nasa sharaɗi mai wuya: wuta. In aka ɗauke lantarki ana tsakiyar aiki, kayan da ke ciki kan lalace, a sake zuƙar iska daga farko. Saboda haka wurin irin wannan ma'aikata shi ne unguwar masana'antu mai tsayayyen layin wuta.

Kamata ya yi Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da takwarorinta su sami ko da ƙaramar tukunya ce, ɗalibai su koyi famfon zuƙar iska da hannunsu, su san yadda ake gano inda iska ke satar shiga. Wanda ya iya wannan, ilminsa zai yi masa amfani har a ɗakunan bincike da kamfanonin haɗa magani.

Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ita ma da nata. Agogo da 'yan kunne da warwaro masu wannan shafe sun cika kasuwa, wasu suna shekaru ba su koɗe ba, wasu kuwa wata biyu sai baƙin ƙarfe ya bayyana, kuma ido ba ya bambance su a ranar saye. Mai haɗa lefe ya cancanci ya ga an rubuta a jikin kwali irin ruwan da aka shafa da kuma ƙarfen da ke ƙarƙashinsa.