Nasarar Trump: wani hanin ga Allah baiwa ne?

Musulmi da dama ba su yi murna da nasarar Donald Trump a zaɓen Amurka na 2024 ba, don ba a manta da dokarsa ta 2017 da ta hana 'yan wasu ƙasashen Musulmi shiga Amurka ba. Yana hawa mulki kuma ya datse tallafin USAID, Ghana ta wayi gari da giɓin dala miliyan 156, ciki har da kuɗin yaƙi da zazzaɓin cizon sauro.

To amma fa, dole ta sa gwamnati ta motsa. Shugaba Mahama ya umarci ministan kuɗi ya cike giɓin, kasafin 2025 kuma ya sakar wa asusun inshorar lafiya harajinsa gaba ɗaya. Saura mu ga maganin ya isa asibitocin zango da na arewa, a nan ne za a san an ci riba.