Bayan Lebura Ba Na Jaki Ba Ne

Tun kafin zuwan Turawa a ke narka kuza a Riruwai, cikin ƙasar Doguwa. Da farashinta ya faɗi a duniya cikin 1985, kamfanoni suka ja da baya, haƙa ta koma hannun masu diga da shebur.

Ramukansu kuwa ƙunci gare su, ba a miƙewa tsaye. A sunkuye lebura ke ɗaga buhun ƙasa, ya murɗa ƙugu ya miƙa. Tsakanin ƙasusuwan baya akwai guringuntsi mai kama da gammo. In nauyi ya danne shi haka, sai ya tsage ya matse jijiya, ciwo ya sauka har ƙafa. Saurayin Kiru ko Bebeji da ya tafi cin rani sai ya komo ba ya iya riƙe garma.

Wadansu masu rami su kan ce ƙaddara ce. Wannan zancen banza ne! Ƙaddara ba ta hana a faɗaɗa rami, a raba buhu biyu, a jawo kaya da igiya ba. Mai cin ribar kuza shi ne da biyan kuɗin asibiti, gama kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski.