Ina Mashayi Zai Sami Abokan Tafiya?

Sau da yawa matan aure sukan kawo mana kuka iri ɗaya. Maigida ya rantse ya bar giya, ya yi alkawari gaban dattawa, har ya yi mako uku idonsa garau. Sai ran da aka biya albashi, ko ran kasuwa da aka sauke tukunyar burukutu, ya komo gida yana tangaɗi, kuɗin hatsi da na makarantar yara sun tafi. Sukan ce, mun yi faɗa, mun yi addu'a, mun kai ƙara, saura me?

Abin da muke ba da shawara shi ne a nemo masa wani mutum wanda shi ma giya ta taɓa kayar da shi, ya kuwa tashi. Ga dalilinmu.

Cikin watan Mayu na shekara ta 1935 wani ɗan kasuwa mai suna Bill Wilson ya tafi garin Akron a jihar Ohio ta Amurka, cinikin da ya kai shi kuwa ya lalace. Wata biyar ke nan bai sa giya a baki ba. Yana tsaye a zauren otal, yana jin dariyar mashaya daga ɗakin sha, sai ƙishin ya taso masa. Ya gane in bai sami wani mashayi sun yi magana ba, zai fāɗi. A zauren akwai allo mai sunayen fastocin garin. Ya buga wa ɗayansu waya, aka yi ta miƙa shi daga wannan zuwa wancan har aka haɗa shi da Likita Bob Smith, likitan fiɗa wanda giya ta kusa raba shi da aikinsa. Likitan ya ce minti 15 kaɗai zai ba shi. Suka kai wajen awa 6 suna zance. Cikin watan Yuni likitan ya bar sha, bai koma ba har rasuwarsa a 1950. Mafarin ƙungiyar Alcoholics Anonymous ke nan, wato mashaya masu ɓoye suna, wadda ake kira AA.

Likitan nan ya san ɓarnar giya fiye da kowa, wa'azi kuma ya ji shi har ya gaji. Abin da bai taɓa samu ba shi ne mutumin da ya san rawar hannu da asuba, ya san yadda akan ɓoye kwalba, ya san kunyar duban idon yara da safe. Gaban irin wannan mutum ƙarya ba ta da amfani.

A taron AA ba a biyan kuɗin shiga. Sharaɗi ɗaya ne, mutum ya kasance yana so ya daina sha. Kowa yakan faɗi sunansa na fari kaɗai, ya ba da labarin kansa, sauran su saurara. Ba a sa sabon zuwa ya rantse har abada, gama ya sha yin wannan rantsuwa. Akan ce ya riƙe yau kaɗai. Akan kuma haɗa shi da wanda ya daɗe bai sha ba, domin ya kira shi sa'ad da ƙishin ya taso, ko da tsakar dare ne.

To, ina za a sami taron? A fara da asibiti. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Maiduguri da Kware kusa da Sakkwato suna duba masu shaye-shaye, sai a tambayi ma'aikatansu ko akwai taron da suka sani. Zuwa can yana da wani amfani kuma. Wanda ya daɗe yana sha kullum, in ya tsaya farat ɗaya, yana iya kamuwa da makyarkyata, farfaɗiya da ruɗewa cikin kwana biyu ko uku, har ya rasa ransa. Kada a kulle irinsa a ɗaki, likita ya fara ganinsa. Masu karatunmu na Ghana da Chadi su tambayi ƙungiyar Blue Cross, wadda Fasto Louis-Lucien Rochat ya kafa a Janeba a 1877. Mai waya kuma ya nemi sunan AA a intanet, gama tun 2020 tarurruka da yawa ta waya ake yinsu.

Inda babu taro ko kaɗan, bisa ga ƙa'idar AA mashaya biyu ko uku da suka taru domin daina sha sun isa ƙungiya. Nan ne ikilisiya za ta iya ba da ɗaki da fitila da yamma guda kowane mako. Amma muna roƙon dattawa, in kun ba da ɗakin ku fita. Kada a aiki kowa ya leƙa, kada a rubuta sunaye domin horo. A ƙaramin gari, ran da maganar ɗakin nan ta kai bakin rijiya, ba wanda zai sake zuwa.

Ke kuma uwargida, akwai taro irin wannan domin iyalin mashaya, sunansa Al-Anon. Lois, matar Bill Wilson, tana cikin waɗanda suka kafa shi a 1951. Ba sai maigida ya yarda ya je nasa ba kafin ki nemi naki.