AN BAR JAKI ANA DUKAN TAIKI: CINIKIN 'YAN WASAN BESBOL A AMURKA

Duk shekara da an kammala gasar besbol ta Amurka, sanyi ya shigo, sai a buɗe kasuwar 'yan wasa, sai kuma a ɗauko waƙar nan ta kullum, wai 'yan wasa sun cika haɗama. Ni dai ban yarda ba, kuma ga hujjata.

A Disambar 2023 Shohei Ohtani, ɗan ƙasar Japan, ya bar kulob ɗin Angels ya koma Dodgers na Los Angeles a kan dala miliyan 700 na shekara 10. Nan aka yi ta salati. Amma mutum nawa aka gaya wa cewa dala miliyan 2 kacal yake karɓa a shekara, sauran miliyan 680 sai daga 2034 za a fara biyansa? Mai haɗama ne zai yi wa kulob wannan lamuni?

Ku dubi kuma abin da 'yan jarida suka yi ana gobe zai bayyana zaɓinsa. Wani ɗan rahoton tashar MLB Network ya ce Ohtani yana hanyar Toronto. Dubban mutane suka yini suna bin sawun wani jirgi ta intanet. Da jirgin ya sauka, sai ga wani ɗan kasuwa, Robert Herjavec, ya fito, Ohtani kuwa yana gida abinsa. Mu marubuta in mun ƙaga labari kowa ya san ƙagagge ne. Su kuwa nasu ƙagen sunansa rahoto, ana saka talla a tsakiyarsa.

To daga ina kuɗin ke fitowa? A 2013 Dodgers suka sayar wa kamfanin Time Warner Cable damar nuna wasanninsu na shekara 25 a kan dala biliyan 8.35. Kamfanin ya tsauwala kuɗin tashar, irin su DirecTV suka ƙi ɗauka. Daga 2014 mafi yawan gidajen Los Angeles suka rasa ganin kulob ɗin garinsu, ba a sasanta da DirecTV ba sai 2020. A cikin wannan rikici ne tsoho Vin Scully, wanda ya shekara 67 yana sharhin wasanninsu, ya yi ritaya a 2016, masoya da yawa ba su more shekarunsa na ƙarshe ba. Wane ɗan wasa ne ya rufe musu tashar?

Masu cewa gara da, su tuna da Curt Flood. A 1969 Cardinals suka miƙa shi ga Phillies ba da shawararsa ba, kamar akuya a kara. Ya ƙi zuwa, ya kai ƙara, Kotun Ƙoli ta kayar da shi a 1972. Sai a 1975 aka warware igiyar da ke ɗaure ɗan wasa da kulob ɗaya har iya ransa. Kafin nan ma ana samun kuɗi, aljihun masu kulob kawai yake shiga, kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi.

Don haka in za a yi faɗa, a yi da masu kulob da masu talabijin, waɗanda ke sayar wa ɗan kallo jita-jita da sanyi, in wasa ya dawo su rufe masa ƙofa. Mai ganin ba haka ba ne, fili a buɗe yake, ya kawo tasa hujjar.