Zaman Iyali: Kada a Karɓi Tarun Masunci



A zangon karatun da ya wuce wani yaro mai ƙwazo ya daina zuwa ajina. Da na je gidansu na tarar uban yana zaune a gindin bishiya da rana tsaka. Mai binsa bashi ya zo da matasa biyu, sun kwashe taru, sun ja kwalekwale. Yaron kuwa an tura shi ƙodago. Wannan ya sa na ce bari mu yi zancen bashi a wannan wata.

Abin ya daɗe a ƙasarmu. Da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya cinye tsibirai da gonakin albasa na Gungawa, ya cinye tsohuwar Bussa. Mutum fiye da 40,000 aka tayar, aka kai su sababbin ƙauyuka. Amma sabon tafkin ya cika da kifi. Masunta suka yi ta zuwa daga nesa, suka kafa tungaye a gaɓar Yauri da Ngaski, har sama wajen Shanga. Banki yana nesa, masunci kuwa ba shi da takardar fili da zai ajiye. To, wa zai ba shi jari? Sai mai sayen kifi. Shi ne zai kawo taru, da sharaɗin duk bandar da aka yi a sayar masa, a farashin da ya yanka.

Dattawa sun ce a shekarun farko ba wanda ya damu, gama kifi yana biyan kome. Kafin shekarun 1970 su ƙare kamu ya ragu ƙwarai, masunta kuwa sun yi yawa. Bashin da aka ci a shekarar yalwa, sai aka zo karɓarsa a shekarar rashi. Ba takarda, ba shaida. Wani ya tashi da dare ya haye ruwa, ba a ƙara jin labarinsa ba. Wani kuma aka ƙwace masa kayan aiki. Mai bayarwa ya yi hasara, mai ci ya tsiyace.

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Saboda haka maganar nan tamu ce duka.

Kai mai bin bashi, ka buɗe Maimaitawar Shari'a 24:6. A can Allah ya hana a karɓi dutsen niƙa jingina, domin da shi gida yake ci. Taru da kwalekwale su ne dutsen niƙan masunci, kamar yadda garma take ga manomi, keken ɗinki kuma ga tela. In ka kwashe su, da me zai biya ka? Tarun da ka jingine a zaurenka ba zai kama ko tarwaɗa ɗaya ba. Gara ka bar shi a ruwa, ku shirya a riƙa ba ka kaɗan kaɗan kowace ranar kasuwa.

Kai kuma mai cin bashi, kada ka fake da wannan aya. A 2 Sarakuna 4, sa'ad da mai bin bashi ya zo ɗaukar 'ya'yan gwauruwa, Elisha ya umarce ta ta sayar da man da Allah ya ba ta, ta fara biyan bashin, sa'an nan ita da 'ya'yanta su ci sauran. Kada ka ɓuya. Ka je da ƙafarka tun ranar alkawari ba ta zo ba, ka faɗi gaskiya. Kada kuma ka ci bashi a ɓoye wa matarka, gama ita ce za ta fara ganin masu sallama a ƙofa.

Ku duka biyu, ku rubuta. Nawa ne, yaushe za a biya, me za a yi in kamu ya ƙi. Shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe takardarsa.

Game da ɗalibina, dattawan ikkilisiya sun je sun zauna da mai bashin har sau biyu. Ya mayar da tarun, kwalekwalen yana hannunsa tukuna. Yaron ya komo aji ranar Litinin. Ku sa gidan nan cikin addu'a.

Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.