Ɗalibin Harshe da Aikin Zane: Darasi daga Gidan Rumji

Duk matafiyin da ya biyo babbar hanyar Yamai zuwa Maraɗi zai ci karo da allon da ke shaida masa cewa ya iso "Guidan Roumdji". Mazauna garin kuwa Gidan Rumji suke cewa. Idan ya ƙara gaba zai ga "Tibiri", alhali Tsibiri ne, fadar Sarkin Gobir, sannan a gabashin Maraɗi "Gazaoua" na jiransa a madadin Gazawa. Sunayen Hausa ne da aka rubuta bisa ƙa'idar Faransanci, kuma ido ya saba da su har ya daina tambaya. Abin da jama'a suke karantawa kullum a bakin titi da fuskar salula, mai zane ne ya tsara shi. Saboda haka ɗalibin kimiyyar harshe da ya rungumi aikin zane da haɗa hoto da murya bai kauce wa karatunsa ba, kuma ya kamata sashe ya ƙidaya masa wannan aiki.

A ɗauki misalin ɗalibin da ya koma Gidan Rumji hutu, aka roƙe shi ya tsara katin gayyatar walimar saukar karatu a salularsa. Da farko hankalinsa yana kan launi da furanni. Sai an buga katin ya lura cewa salon haruffan da ya zaɓa ba shi da ƙ, don haka "muna maraba da baƙi" ta koma "muna maraba da baki". Wannan kunya ta kwana ɗaya ta koya masa abin da darasin tsarin sauti ya daɗe yana nanatawa: lanƙwasar ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ma'ana take ɗauke da ita, ita ce ta raba kafa da ƙafa. Daga nan zai fara bincike, ya gano cewa waɗannan haruffa suna cikin tsarin Unicode, kuma akwai salon haruffa na kyauta irin su Charis SIL da Andika da suka ƙunshe su duka.

Mataki na biyu ya fi wuya. Ya naɗi muryar wata tsohuwa tana gatana da Gobiranci, yana son sa rubutu a ƙasan bidiyon. Ta ce "hwara", ta ce "wanda yaz zo", ta ce "tat tahi". Idan ya rubuta "fara" da "wanda ya zo" da "ta tafi", ya bi daidaitacciyar Hausa amma ya shafe muryar tsohuwar. Idan ya rubuta yadda ta furta, mai kallo daga Kano zai yi tuntuɓe. Dole ya yanke shawara a kan kowane layi, ya kuma iya kare ta. Nazarin karin harshe ke nan a aikace, kuma da wuya jarrabawar awa biyu ta matsa masa kamar haka.

A mataki na uku ne idonsa yake buɗewa ga abin da ke gida. Ƙasar Hausa tana da tsohuwar fasahar tsara fili da layi: zayyanar allon saukar karatu, aska takwas ta ƙirjin babbar riga, dagi, zanen soraye na unguwar Birni a Damagaram, da ƙwaryar da aka yi wa ado da wuta. Ɗalibin da ya zauna gaban mai zayyana ya ga yadda yake raba allo kafin ya ɗiga tawada zai daina kwafo ƙirar da manhaja ta tanadar wa kowa. Ajami ma ya samu shiga, domin salon haruffan Alkalami an ƙera shi ne bisa rubutun hannu irin na Kano da Nijar.

Wasu malamai suna da hujjar ƙin wannan ra'ayi. Suna cewa jami'a ba shagon buga kati ba ce, kuma ɗalibin da ya shagala da bidiyo yakan yi sakaci da ginin jimla da ƙirar kalma. Tsoron nasu yana da tushe, domin kyan hoto yakan rufe raunin tunani. Maganin shi ne a gindaya sharaɗi: duk wanda ya gabatar da aikin zane ko bidiyo ya haɗa da bayani a rubuce, ya faɗi ƙa'idar rubutun da ya bi, da dalilin zaɓen kowace kalmar aro, da yadda ya bi da karin harshe. A kan wannan bayani za a ba da maki.

Lokaci ma ba ya jira. Tun 1973 Nijar ta fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram, a 1999 aka daidaita ƙa'idar rubutunta, sannan kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ayyana ta a matsayin harshen ƙasa. Hakan na nufin za a buƙaci allunan asibiti, da takardun ofis, da littattafan firamare, da saƙonnin rigakafi cikin Hausa. Wani ne zai tsara su. Idan ɗaliban harshe suka ɗauki wannan aiki ƙasƙanci, zai faɗa hannun wanda ya iya launi amma bai san bambancin bata da ɓata ba, kuma yaron da ke koyon karatu a Gidan Rumji zai tashi da kuskuren a matsayin daidai, domin shi ya gani a bangon makaranta.